Harankash a Tsakar Gidan Haya

A bayan babban littafin da nake rubuta al'amuran jama'armu akwai shafuka uku da ba su shafi kowa ba sai ni. Gaban littafin na haihuwa ne da aure da rasuwa, da sunayen baƙin da suka sauka a hannun Baba, da kuɗin da aka tara domin jinyar marar lafiya ko suturar mamaci. Shafukan baya kuwa kwanakin wata ne a jere, kowanne da 'yar magana a gefensa: na zuba iri, ya tsiro, na dasa, ya mutu. Kalmar ƙarshen nan ta maimaitu fiye da yadda nake so. Tarihi ne na wata 'yar shuka da na yi ta kashewa a tsakar gidana a nan Tamanhint kafin ta yarda ta ba ni 'ya'ya. Tun da 'yan'uwa da dama sun roƙe ni iri, na ga ya kyautu in haɗa musu da labarin kurakuraina, kada su sake biyan kuɗin da na riga na biya.

A watan Fabrairun 2022 Baba, dattijon da nake yi wa magatakarda, ya aike ni Sabha da wasu takardu. Tafiyar kilomita kamar 30 ce, na gama da wuri, sai na ratsa kasuwar kayan lambu. A gaban wani Bamisire na tarar da kwali cike da wasu 'yan jakunkuna masu kama da busasshiyar takarda, kowace ɗaure da kanta. Ya yage ɗaya ya miƙo mini. A ciki akwai ɗa guda, rawaya mai sheƙi, girmansa bai kai na goruba ba, bai kuma gaza na kanya ba. Na sa a baki. Zaƙi ne da tsami a haɗe, da wani ƙamshi da ya tsaya mini a hanci har na iso gida. Ya ce sunanta harankash, daga Masar ake kawo ta, kuma lokacinta ke nan. Na sayi rabin kilo domin yara, na ɗibar wa Baba kaɗan a leda.

Ban yi zaton za ta dame shi ba. Ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya ta kusa da idonsa mai gani, ya daɗe bai ce komai ba.

"Malam, ina ka samo matsarmama a ƙasar nan?"

"Ranka ya daɗe, harankash suke ce mata. Daga Masar take."

"Ko daga birnin Sin take, matsarmama ce. Ta dai samu gidan da ake ci a ƙoshi."

Daga nan ya ɓalle da labarin gonakin gero na ƙasar Tasawa, inda wannan ciyawa ke fitowa da kanta idan damina ta zauna, ba mai shuka ta, ba mai ban ruwa. Yara kan tsinki ɗanyar rigarta su fasa a goshi ta yi ƙara, su tsotse nunannun da suka faɗo ƙasa. Ni ma na tuna, domin ina da shekara 13 aka fito da ni daga wannan ƙasa, a yunwar 1984. Baba ya riga mu zuwa da shekara 10, bayan farin 1973 da 1974. A duk zaman da na yi da shi ban taɓa jin ya ambaci wani abu na gida da irin wannan murya ba, ko da ana zancen mutane ne.

Da na bincika daga baya, na tarar da Baba ya yi daidai rabi. Dangi ɗaya ne, amma ba uwa ɗaya ba. Ta gonakinmu ƙarama ce, ciyawa ce ta daji. Wannan ta kasuwa asalinta tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Kolombiya da Ikwado. Masanin tsirrai Linnaeus ya rubuta ta a 1763 da suna Physalis peruviana. Kalmar farko daga yaren Girka take, ma'anarta mafitsara ko wani abu mai kumbura da iska, kuma abin ya ba ni dariya, domin kakanninmu da ba su taɓa jin labarin Girka ba su ma da suka dubi rigar sai suka tuna da wata jaka ta cikin ciki, suka ce matsarmama. Turawan Ingila sun same ta ana nomawa a yankin Kef na Afirka ta Kudu tun farkon ƙarni na 19, suka laƙaba mata sunan Kef, har yau da shi suke kiran ta alhali ba can aka haife ta ba. A Peru aguaymanto ce, a Kolombiya, wadda ke cikin manyan masu fitar da ita zuwa Turai, uchuva ce. Kowa na kiran ta da sunan inda ya gan ta. Mu da aka haifi 'ya'yanmu a asibitin Sabha amma har gobe ake tambayarsu daga ina suke, mun san wannan hali. A wajen noma kuwa, abin da ya fi amfani a sani shi ne 'yar'uwar tumatir ce da tattasai da gauta. Wanda ya iya rainon tumatir ya san rabin aikinta.

A daren nan na matse 'ya'ya biyar a kan tsumma. Kowane ɗa na ɗauke da ƙwayoyi fiye da 100, ƙanana ƙwarai, sun fi na tumatir ƙanƙanta. Na wanke, na shanya a inuwa, na ƙulle a takarda.

Uwargida ce ta fara tsayar da ni. Ta ce, "Malam, gidan haya ne fa. Kuma ruwan da za ka zuba wa ciyawa, wa zai ɗauko shi ranar da babu wuta?" Maganarta na da ƙarfi ta fuska biyu. Ruwanmu daga ƙarƙashin ƙasa yake, inji ke jawo shi, in wutar lantarki ta ɗauke kwana biyu sai tanki ya koma abin lallaɓawa. Muna zaune a kan ruwan da ake tura wa Tarabulus ta manyan bututu daga rijiyoyin Jabal Hasawna tun 1996, amma mu a nan mukan ƙirga jarka. Ta fuska ta biyu kuma, ba al'adarmu ba ce mu shuka abu a gidajen da muke ciki. Mutanenmu su ne ƙarfin gonakin Fezzan. Su ke hawa dabino, su ke ban ruwan albasa da alkama da ciyawar dabbobi a gonakin mutane, daga nan har Wadi Shati da Murzuk. Amma ka shiga gidan Bahaushe a Tamanhint, da wuya ka ga ko tushen na'ana'a. Baba kansa yana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado wanda ya shekara kusan 50 a shirye domin komawa gida. Yakan ce baƙo raɓa ne. Tun da aka fito da lambar ɗan ƙasa a 2013, wasu suka samu wasu suka rasa, maganar tasa ta ƙara nauyi a zukatan mutane, domin wanda takardarsa ba ta zauna ba yaya zai zaunar da itace?

Na yi wa uwargida alkawarin ba zan taɓa ruwan tanki ba. Na ajiye tsohon baho a inda muke alwala, ni da yara maza uku, sau biyar a yini. Wanda bai taɓa tara ruwan alwalar gida guda ba zai yi mamakin yawansa. Na hana a sa sabulu a wurin. Da wannan ruwa, da na wankin shinkafa da kayan miya, na yi duk noman da zan ba da labari.

Kuskurena na farko kuskuren mai ilimi ne, shi ya sa ya fi ciwo. A makarantar zaure an koya mana lissafin taurari, manzili 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, da yadda manomi ke duba su ya san lokacin shuka da na girbi. Wannan lissafi yana kaina kamar Fatiha. Da watan Yuni ya kama, jikina ya ce mini lokacin shuka ya yi, domin a gida yanzu hadari ke haɗuwa. Na zuba iri a gwangwanayen madara a inuwar katanga. Bayan mako biyu suka tsiro, na yi murna, na rubuta. Na dasa su a ƙarshen Yuli, a kwanakin da a Tasawa ake shiga ruwan Nasara da Ɗarfa, sama a lulluɓe, ƙasa a jiƙe. A nan kuwa zafi ya haura 40 kullum, sama fes kamar an share. Shuka 12 na dasa. Takwas suka ƙone a mako guda. Huɗun da suka jure suka yi ganye, har suka fitar da fure, ɗan ƙaramin fure rawaya mai ɗigo biyar masu duhu a ciki, yana kallon ƙasa. Kowane fure ya kwana biyu ya faɗi. Sannan iskar gibli ta taso daga kudu da ƙurarta, ta bar bayan ganyen cike da wasu jajayen ƙwari ƙanana masu saƙa kamar gizo. Kafin Agusta ta ƙare ba sauran ko ɗaya.

Maƙwabcina wani tsoho ne Bafazzane, mai 'yar gona a bayan gari wadda su ke kira saniya. Ya leƙo ta katanga ya ga gawarwakin, ya tambaye ni yaushe na shuka. Da na faɗa masa, ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Ya Hajj, shekara nawa kana garin nan?"

Na ce 38.

"Kuma har yanzu da kalandar ƙasarku kake shuka?"

Na ji kunya, domin na shekara ina rubuta wa mutane wasiƙa da Larabcin da ya fi nasa ƙa'ida, amma ban san abin da jikansa ɗan shekara 10 ya sani ba. Ya zaunar da ni ya karanta mini shekarar Fezzan. A nan, in ji shi, rani shi ne mutuwar ƙasa, sanyi shi ne rayuwarta. Ba a zuba irin kayan lambu sai tauraron Suhailu ya bayyana da asuba ta kudu, wajen ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, lokacin da dare ya fara sanyi kuma dabino ya nuna. A yi raino a inuwa, a dasa a Oktoba. Wannan shuka 'yar tsauni ce, tana son yini mai ɗumi da dare mai sanyi, kuma idan zafi ya wuce 30 da yawa furenta ba ya kamawa. Abin da ya faru da ni ke nan. Ashe a Masar ma da sanyi ake cin ta, shi ya sa na same ta a kasuwa a Fabrairu. Amsar tana cikin kwalin Bamisiren tun ranar farko, ni ne ban karanta ba.

Ranar 5 ga Satumban 2022 na sake zuba iri. Wannan karon na bi abin da aka ce. Na haƙa fangali a gindin katangar gabas, na kwashe farar ƙasar sama mai gishiri, na haɗa yashi da tsohon takin tumaki wanda ya shekara. Tsohon ya gargaɗe ni kada in cika taki, domin in ta ji daɗi da yawa ganye za ta yi ta yi ta manta da haihuwa. Na bar kamu huɗu tsakanin shuka da shuka, domin tana buɗe rassa kamar kaza mai kwanci. Na kafa wa kowace sanda na ɗaure, saboda reshenta da gautsi, iska kaɗan ke karya shi. Na kewaye fangalin da zarbar dabino. Ban ruwa kuwa kaɗan-kaɗan, da yamma, a gindi, ban da kan ganye. Zuwa Disamba sun kai mini ƙugu, ganyensu mai laushi da gashi kamar kunnen ɗan akuya, kuma a kowace mararrabar reshe akwai 'yar koriyar fitila tana lilo. Yara suka ƙirga sama da 200. Har uwargida ta fara zuba musu ruwan wankin shinkafa ba tare da na roƙa ba.

Abin da tsohon ya faɗa mini na ji da kunne ɗaya shi ne zancen darare 40. Mutanen ƙasar nan suna ƙirga fararen darare 20 daga 25 ga Disamba, sannan baƙaƙen darare 20 daga 14 ga Janairu zuwa 2 ga Fabrairu, sannan bayan 'yan kwanaki a sami wani sanyin na tsakiyar Fabrairu da suke danganta shi da akuya. Ya ce in rufe shukar da leda kowane dare a wannan tsakani. Na rufe na mako biyu, na ga ba abin da ya faru, na yi sakaci. Wani dare a Janairu aka yi rasuwa a cikin jama'a, na kwana a gidan makoki ina rubuta masu gudummawa. Da na dawo bayan sallar asuba na tarar da ruwan bahon alwala ya yi fatar ƙanƙara a sama. Shukokin suna tsaye kamar ba abin da ya same su. Da rana ta fito sai suka yi baƙi, suka lanƙwashe kamar an zuba musu tafasasshen ruwa. Mun san jaura a gida, mun san hunturun da ke fasa leɓe, amma ba mu san sanyin da ke dafa ganye ba.

Wannan ta fi ta farko zafi, domin na riga na yi wa Baba albishir. Da na gaya masa, bai yi mini ta'aziyya ba. Ya ce, "Ai na faɗa maka, Malam. Ƙasar nan ba ta riƙe abin da ba nata ba." Na yi shiru saboda girmansa, amma a raina ban yarda ba. Dabinon talis da muke ci, wani ne ya dasa shi. Mutanen Jarma na dā sun haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa a Wadi Hayat, suka noma alkama da inabi a inda ruwan sama ba ya zuwa. Ayarin da suka yi ɗaruruwan shekaru suna tasowa daga Kano su bi ta Gat ko Murzuk zuwa Tarabulus sun bar mutane a kowane zango, jikokinsu na nan, wasu ma ba su san kakanninsu sun ji Hausa ba. Ƙasar ba ta ƙi shukata ba. Ni ne na bar ta a buɗe a daren da aka ce in rufe.

Shekara ta uku ba ta da dogon labari, kamar yadda duk abin da ya tafi daidai ba ya da shi. Na zuba iri a farkon Satumban 2023, na dasa a tsakiyar Oktoba, na lanƙwasa ƙarafa a kan fangalin, na ɗora wa ƙaramin ɗana aikin jan leda bayan magariba da yaye ta da hantsi, tun daga tsakiyar Disamba har ƙarshen Fabrairu, ko ina gida ko ba na nan. Farin ƙuda ya zo, muka wanke bayan ganyen da ruwa. Abu guda da ya kamata kowa ya kiyaye, musamman mai ƙananan yara: ɗanyen ɗan, mai kore, ba a cin sa, yana da dafi irin na danginsa, haka ma ganyen. Ba a kuma tsinkar ta da ƙarfi. Idan ta nuna rigar kan bushe ta koma launin tabarma, sau da yawa ta faɗo da kanta, sai dai a tsince a ƙasa. In an bar ta cikin rigarta a wuri mai iska takan yi makonni ba ta lalace ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da firji ke bin ra'ayin wutar lantarki.

Azumin 2024 ya kama a 11 ga Maris, ya tarar da shuka tara suna zubar da 'ya'ya kowace safiya. A rana ta uku na cika ƙaramar tasa na kai wa Baba kafin magariba. Ya sha ruwa da dabino, ya yi salla, sannan ya jawo tasar. Ya yage rigar da farcen babban yatsa, ya ci ɗaya, ya ci ta biyu. Ina jira.

"Ba ita ba ce," in ji shi. "Tamu ba ta kai wannan zaƙi ba. Tamu akwai ɗan ɗaci a ƙarshe."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"A gidanka ta fito?"

"A gidana, bayan ɗakin yara."

Ya ci ta uku. Ya ce in bar tasar.

Zafin Mayu ya kashe shukokin kamar yadda aka gaya mini zai yi, na tuge su, na adana iri. A tsakiyar Satumban 2024 aka yi ruwan da ba mu taɓa ganin irinsa ba a Sabha da kewaye, a ƙasar da kan shekara ba ta ga ruwan kirki ba. Ba ruwan murna ba ne. Gidaje sun rushe, an yi asarar rayuka, tituna sun zama tafki, kuma na yi kwanaki ina zagayawa da littafi ina rubuta waɗanda rufinsu ya zube a cikin mutanenmu. Ban ko tuna da fangali ba, ban zuba iri a kan lokaci ba. Bayan kamar kwana 12 ɗana ya kira ni bayan ɗaki. Duk inda 'ya'yan bara suka faɗi suka ruɓe, a gindin katanga, a bakin magudana, har a tsagar siminti kusa da bahon alwala, 'yan tsirrai ne masu gashi suka fito da kansu, ba wanda ya shuka su. Na ƙirga 60 na gaji.

Na cire masu ƙarfi na sa a gwangwani, na raba wa gidaje bakwai. Tsohon maƙwabcina ya karɓi biyar ya kai saniyarsa. Da labari ya kai wa Baba, ya aiko jikarsa da tsohuwar robar fenti, an huda gindinta, an cika ta da ƙasa. Ya ce a sa masa guda biyu, amma a cikin robar, kada a dasa a ƙasa, domin in tafiya ta tashi a iya ɗauka. Na sa masa. Robar tana nan a ƙofar ɗakinsa ta gabas, kuma tun sanyin bara saiwar ta fita ta hudar gindin ta shiga ƙasa. Jikar ta gwada ɗagawa ta kasa. Mun yi shawara da ita ba za mu gaya masa ba tukuna.